Daga majigin Baban Larai zuwa silaid a waya: yadda ake haska bayani a gane a Bakori

Da zarar damina ta ƙarato, taruka kan yawaita a Bakori da garuruwan da ke kewaye da ita. Dillalan iri da taki suna tara manoma, ƙungiyoyin gama-kai suna zaman lissafi, malaman gona suna zagayawa daga Kabomo zuwa Tsiga, daga Jargaba zuwa Kurami. A 'yan shekarun nan, da wuya a yi irin wannan zama babu wani matashi da aka ɗora wa aikin haɗa abin da za a haska a bango. Galibi shi ne mai waya mai kyau a cikin tawagar, ko wanda ya taɓa kare furojet a Zariya ko Dutsin-Ma, sai a ɗauka ya san kan abin.

Yadda ake ƙarewa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a bencin baya. Ajin makarantar firamare ne, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tagogi a buɗe saboda zafi. Ɗan ƙaramin majigi yana jefa wani haske fari-fari a bango. Shafin farko cike yake da rubutun Turanci layi goma sha biyu. Matashin ya juya wa dattawa ƙeya yana karantawa, in ya kai aya sai ya juyo ya fassara. Kafin a yi minti ashirin wasu sun ciro carbi, wasu sun koma kan wayoyinsu, na jikin bango ya fara gyangyaɗi. A ƙarshe a yi addu'a, a yi godiya, kowa ya kama gabansa.

Abin bai tsaya ga jin kunyar mai gabatarwa ba. Manomin da ya tashi daga taro bai gane ranar da zai sa takin farko ba, ko ya rikita awon maganin feshi, kuɗinsa ne da aikin shekararsa a kan layi. Matashin da ya zo neman 'yan ƙungiya su zuba kuɗi a injin casar masara, in bayaninsa ya shige duhu, ba za a ce masa bai iya silaid ba. Za a ce masa "za mu yi shawara", shi ke nan.

Wannan yanki ya daɗe da sanin hoto a bango

Kalmar majigi da ake kiran furojekta da ita a yau ta girmi kowace kwamfuta. Ta samo asali ne daga magic lantern, sunan Turanci na wata tsohuwar fitila mai haska hoto. Tun zamanin mulkin mallaka motar majigi ke shiga garuruwan Arewa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna finafinan tsafta, da rigakafi, da noma. Ƙasar Funtua da Malumfashi, da yake cibiyar auduga ce mai injinan gurza na kamfanin BCGA, tana cikin wuraren da irin wannan saƙo ya fi shafa. Tsofaffi har yanzu suna tuna Baban Larai, fim ɗin shekarun 1950 da aka yi don koyar da noman auduga. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1970, Funtua ta zama ɗaya daga cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya, wanda ya baza malaman gona cikin ƙauyuka.

Brian Larkin, malami a Jami'ar Columbia ta Amurka, ya yi dogon bayani a kan majigi a littafinsa Signal and Noise na 2008. Abin da ya kamata mai haɗa silaid ya ɗauka daga wannan tarihi shi ne mutumin da ke tsaye kusa da mota riƙe da makirufo. Hoto yana tafiya a kan ƙyalle, shi kuwa yana bayani da Hausa, yana sa raha, yana jan hankalin jama'a zuwa abin da ake so su lura da shi. Aikin ya rabu biyu: ƙyalle yana nunawa, baki yana bayani.

Turawan da suka tsara waɗancan finafinai, irin su William Sellers da ya shugabanci sashen finafinan mulkin mallaka daga 1939, sun gina dokokinsu ne a kan raini, suna ganin ɗan Afirka ba zai iya bin hoto mai sauri ba. Wannan zato ba shi da tushe. Amma abin da suka yi a aikace, wato abu ɗaya a kowane hoto da kuma ba ido lokaci ya gani, binciken zamani ya nuna yana yi wa kowane ɗan Adam amfani, farfesa ne ko manomi. Richard Mayer na Jami'ar California, wanda ya shafe shekaru yana gwaji a kan yadda mutane ke koyo daga hoto da magana, ya gano cewa an fi fahimta idan hoto ya zo tare da bayanin baki, a kan a haɗa hoto da bayanin baki da kuma rubutun kalmomin nan da ake faɗa. Ido ba ya iya karatu da kallon hoto a lokaci guda, kunne kuma yana can yana bin wata muryar da saurinta ya bambanta da na ido.

PowerPoint ya fito ne a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Robert Gaskins da Dennis Austin suka haɗa shi a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought, kuma cikin 'yan watanni Microsoft ya saye kamfanin a kan dala miliyan 14. An yi shi ne don ma'aikatan ofis masu ɗaki mai labule da lantarki marar yankewa. Duk wanda ya ɗauko tsarinsa na asali, kanun magana a sama da jerin ɗigo-ɗigo a ƙasa, ya kawo ajin firamare a Kakumi, ya ɗauko rigar wani ne.

Santimita 75 ba ta nufin komai sai an gan ta

A ɗauki misali ɗaya da kusan kowane malamin gona a wannan yanki ke maimaitawa: tazarar shukar masara, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami. In aka bar tsiro ɗaya a kowane rami, hekta za ta ɗauki kusan tsiro 53,000. A takarda bayani ne mai kyau. A bango kuwa lambobi ne kawai. Shafin da zai yi aiki shi ne hoton gona da aka ɗauka daga sama kaɗan, da igiyar shuka mai ƙulli-ƙulli a miƙe, da ƙafar mutum ko fartanya a gefe don ido ya samu abin kwatance. Lambar 25 kaɗai, babba, a gefen hoton. Sauran magana ta fito daga baki.

Masu binciken ICRISAT a Nijar sun gane wannan tun da daɗewa. Da suke yaɗa dabarar sa taki kaɗan-kaɗan a gindin gero da dawa, ba su tsaya ga giram ba, sai suka mayar da awon zuwa murfin kwalbar lemo, wanda cikinsa ke ɗaukar kusan giram 6 na NPK. Murfin kwalba abu ne da kowa zai iya tsinta a ƙofar shago. Haka masu buhun PICS, buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, sun tarar cewa yadda ake matse iska a ɗaure bakin kowace leda daban yana da wuyar kwatantawa a rediyo. Sai suka yi gajeren bidiyo da ake turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ɗaurin buhu aikin hannu ne, gani ya kori ji.

Saboda haka tambayar farko kafin a buɗe WPS Office ko Canva ita ce: wane abu ne a cikin wannan bayani baki ba zai iya kwatantawa ba? Ramukan da tsutsar masara, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016, ke yi a ganye, da burbushin kashinta mai kama da dusa a cikin tsakiyar shuka. Bambancin gonar da ƙuduji ya kama da wadda ya ƙyale. Kalar ganyen da ya rasa taki. Waɗannan su suka cancanci shafi. "Muhimmancin noma ga tattalin arziki" bai cancanci ko rabin shafi ba a gaban mutanen da suka shekara arba'in suna noma.

Hoton kuma ya zama na gida. Manomi yana karanta hoto fiye da yadda mai gabatarwa ke zato. Zai dubi kalar ƙasa, da irin kunyar, da bishiyar da ke nesa. In ya ga masarar da aka kwafo daga intanet, layi-layi har iya ganin ido da babbar tarakta a tsakiya, zai ce a ransa wannan ba irin gonarmu ba ce, kuma ya yi gaskiya. Hoton da aka ɗauka da Tecno a gonar wani a hanyar Danja, ko bai kai wancan kyau ba, ya fi shi nauyi. Sai dai a nemi izinin mai gona, musamman in gonar da ta lalace ce za a nuna, don ba wanda ke son a haska gazawarsa a gaban surukansa.

Kuɗi ma haka. Buhu, tiya, mudu da naira su ne harshen kasuwar Bakori da ta Dandume. Shafin da ya ce an samu ƙarin tan kaza a hekta sai mai sauraro ya yi lissafi a kansa, kafin ya gama an wuce shafi biyu. A ce buhu nawa, kuma a nuna hoton buhunan a jere.

Inda aka ɓoye magana mai muhimmanci

Akwai wani kuskure da ya fi cunkoson rubutu haɗari, wato binne babbar magana a ƙasan shafi. Misalin da duniya ta fi sani ya faru ne a Amurka. Ranar 16 ga Janairu, 2003, lokacin da kumbon Columbia ke tashi, wani guntun soso mai rufe tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Yayin da kumbon ke sararin samaniya, injiniyoyi suka gabatar wa manyan hukumar NASA bayani a silaid. Kanun ɗaya daga cikin shafukan mai kwantar da hankali ne. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka ambaci cewa guntun da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyar dawowa, mutum bakwai suka mutu. Edward Tufte na Jami'ar Yale ya feɗe wannan shafi layi-layi, kuma kwamitin binciken haɗarin ya soki yadda hukumar ta mayar da silaid madadin cikakken rahoton fasaha.

Ba kumbo a Bakori, amma akwai rance. Sakataren ƙungiya da ya haska shafi mai kanun "Damar samun tallafin taki", sannan ya rubuta a layi na tara cewa za a biya da hatsi a farashin kaka tare da ƙari, ya yi irin wannan aikin ne, ko da ba da niyya ba. Ranar biya rigimar kansa za ta sauka. Kanun shafi ya zama jimla cikakkiya da ke faɗin ainihin maganar: buhu nawa za a karɓa, buhu nawa za a mayar, a wane wata. Haka gargaɗin maganin feshi, kwana nawa za a jira kafin girbi, ya samu shafinsa shi kaɗai, kuma awon ya zama daidai da abin da ke jikin kwalbar.

Guy Kawasaki, tsohon ma'aikacin Apple, yana da wata doka da ya yaɗa a 2005: shafi 10, minti 20, haruffa kada su gaza girman 30. Don masu neman jari ya yi ta, amma ta uku tana aiki ko'ina. Akwai ma gwajin da ya fi ta sauƙi. Talabijin mai inci 43 faɗinsa kusan santimita 95 ne. Wanda ke zaune mita 8 daga gare shi yana nesa da ninki takwas na faɗin allon. Silaid a fuskar waya a kwance bai wuce faɗin santimita 12 ba, ninki takwas ɗinsa kusan mita ɗaya ke nan. A jingina wayar, a ja baya mita ɗaya. Abin da bai karantu ba daga nan, dattijon baya ma ba zai karanta shi ba.

Sannan ba kowa ke karanta boko ba, kuma da yawa daga waɗanda ba sa karanta shi suna karanta ajami da gudu. Kalma biyu ko uku da wani malami ya rubuta da alƙalami a farar takarda, aka ɗauki hotonsu aka liƙa a gefen hoton, suna iya juyo da fuskokin da ba su taɓa kallon bangon ba.

Waya, kebul da wutar da ba ta da alƙawari

A nan ne matasa da yawa ke faɗuwa tun kafin su buɗe baki. Ana sayen kebul mai kan USB-C a gefe ɗaya da HDMI a ɗayan, a ɗauka kowace waya za ta yi aiki da shi. Ba haka ba ne. Sai wayar da ƙofar cajinta ke iya fitar da hoto, kamar manyan Samsung na jerin S ko iPhone 15. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ƙofarsu ta caji ce da tura fayil kawai, duk da kamarta ɗaya da ta manyan. Ga irin waɗannan, mafita ita ce haskawa ba tare da kebul ba ta hanyar Miracast, wanda wasu wayoyi ke kira Cast, Samsung kuma Smart View. Ba ya buƙatar data, wayar da na'urar suna haɗuwa kai tsaye. Amma yana iya yankewa a tsakiyar magana, kuma duk abin da ya faɗo a waya zai fito a bango. Saƙon budurwa a gaban mai gari ba ƙaramin abu ba ne. A kunna yanayin hana damuwa kafin a haɗa.

Hanyar da ta fi kowacce aminci ba ta da burgewa ko kaɗan. A mayar da kowane shafi hoto, a sa musu suna 01, 02, 03, a zuba a filash, a soka a bayan talabijin, a riƙa wucewa da rimot. Ba manhaja, ba intanet, ba haɗin da zai tsinke. Gidajen kallon ƙwallo, da yake da safe a rufe suke, suna da talabijin da benci da janareto a wuri guda, kuma galibi an toshe haske a cikinsu. Ga taron matasa manoma, yin magana da mai gidan kallo ya fi jigilar majigi.

Shi kansa majigin akwai yaudara a kasuwarsa. Ƙananan da ake tallatawa a intanet sukan rubuta dubban lumen a kwali, alhali a ma'aunin gaskiya na ANSI wasunsu ba su wuce ɗari ɗaya ko biyu ba. Majigin aji na sosai yana kai wa lumen 3,000, yana kuma cin wuta wajen wat 300, ba abin da fawa bank zai ɗauka ba ne. Ƙaramin yana yin kyau da dare. Matsalar ita ce a ƙauyuka da dama na kudancin Katsina rashin tsaro ya sa taron dare ya ragu, an koma yi da rana, lokacin da ƙaramin majigi ba shi da wani tasiri. In dole da rana ne, talabijin ya fi. In kuma majigin ne kawai ke akwai, a rufe tagogin da ke kusa da bango da buhu ko tabarma, a matso da shi kusa don hoton ya ƙanƙance ya ƙara haske, a yi amfani da baƙin rubutu mai kauri a kan farin shafi. Rubutu ruwan ɗorawa a kan kore, wanda Canva ke sa shi ya yi kyau a waya, ɓacewa yake yi gaba ɗaya.

Akwai wata matsala ta Hausa zalla. Salon haruffa da yawa na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ. A waya komai lafiya, da an buɗe a wata kwamfuta sai harafin ya koma ɗan akwati ko ya fito da wata siffa daban. "Ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne, "ɗaki" da "daki" ma haka. Noto Sans yana ɗauke da su duka, kuma Gboard yana da allon rubutun Hausa. Da an gama, a ajiye kwafi a matsayin PDF, domin shi yana tafiya da haruffansa duk inda aka kai shi.

Rawar gani da ake sa wa rubutu, ya shigo yana juyi ko yana tsalle, cin batir ne da ɓata lokaci. Shafi baƙi wuluk kuwa yana da amfani: a sa shi a inda ake so mutane su daina kallon bango su kalli mai magana. A kwamfuta danna harafin B yana yin wannan aikin a PowerPoint.

In wuta ta ɗauke

Za ta ɗauke, ko janareto ya shanye mansa. Masu gabatarwa da suka ƙware a wannan yanki suna zuwa ne da abin da za su ɗaga a hannu: zangarniyar masara, ganyen da tsutsa ta ci a cikin leda, buhun PICS na gaske da za a ba wani daga cikin mahalarta ya ɗaure a gaban kowa. Wanda ya san bayaninsa har zai iya yinsa ba tare da bango ba, shi ne zai ci gaba da magana. Wanda ya mayar da silaid takardar karatunsa kuwa tsayawa zai yi yana latsa waya yana ba da haƙuri.

Tsayuwa ma tana da ƙa'idarta a nan. Littattafan Turawa suna cewa a fara da abin da zai girgiza masu sauraro. A gaban mai unguwa da liman da dattawan ƙungiya, sallama da gaisuwa ce farko, kowa da matsayinsa, kuma kada a haska komai sai an gama. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da zai yi wa sa'o'in mahaifinsa bayanin noma, in ya nuna hoton ganye ya ce "Baba, a wajenku me ake kiran wannan, kuma yaushe kuka fara ganinsa?", ya mayar da su abokan bayani. Sau da yawa amsar da za su bayar ta fi abin da ke shafi na gaba. A taron mata, inda galibi mace ce za ta gabatar a cikin gida, waya ɗaya mai babbar fuska da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu takan wadatar ga mutum goma, muddin hoto ɗaya ne a kowane shafi.

Bayan taro akwai wanda zai matso ya ce a tura masa. Silaid ɗin da aka haɗa da kyau ba ya tsayawa shi kaɗai, tunda rabin bayanin a baki yake. Don haka abin da za a tura daban ne: hotuna uku ko huɗu mafi muhimmanci, da saƙon murya na minti biyu da ke bin su ɗaya bayan ɗaya. A WhatsApp, in aka tura hoto a matsayin fayil ba ya rage masa kyau, lambobin da ke jiki ba sa dusashewa. Wanda ba shi da data a tura masa ta Xender ko Bluetooth nan take, kafin ya hau babur.